Allurar baya ta rage zafin naƙuda: wacce hanya zaki zaɓa?

Tunda cikin ƙanwata ya shiga wata takwas bata barni na huta ba, kullum sai ta kira, Yaya wai likitan da nake zuwa awo wajensa yace suna yin allurar baya ta kashe zafin naƙuda, ya lissafo min kala-kala har da wata mai inji da madanni, ni ban gane komai ba kuma Mama tace kar in kuskura wai ciwon baya ne har abada. Na bata amsa a waya har sau uku bata riƙe ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, ita ta karanta, duk wacce ke cikin irin wannan ruɗanin itama ta samu. Shekarun da nayi a ɗakin haihuwa naga mata da yawa sai naƙuda ta kankama ciwo ya kai inda ya kai sannan ake musu bayani, a lokacin kuwa ko sunan mace ka tambaya da ƙyar zata faɗa balle ta zaɓi wani abu.

Ita dai allurar sunanta efidural. A cikin ƙashin bayanki akwai laka, tana cikin wata jaka mai ruwa, a wajen jakar kuma akwai ɗan siririn fili inda jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga mahaifa suke ratsawa. Likitan allurar barci zai zaunar dake ki lanƙwasa baya, ya kashe fatar wajen, ya shiga da allura daidai ƙugu, ƙasa da inda lakar ta ƙare, ya zura wata siririyar roba mai kaurin kusan milimita 1 cikin filin nan, sai ya zare allurar ya manne robar da filasta. Ki riƙe wannan, babu ƙarfen da ake bari a bayanki, roba ce, ta cikinta ake ta zuba magani har ki haihu. Wacce ake yiwa mata lokacin siyes, wato tiyatar ciro yaro, kuwa yawanci sifainal ce, ita allurar huda jakar take a zuba maganin cikin ruwan kai tsaye sau ɗaya. Mu duk allurar baya muke ce musu shi yasa ake cakuɗa su. Kuma ba sabon abu bane da ake gwaji akanmu, wani likitan soja ɗan Sifen mai suna Fidel Pagés ne ya bayyana hanyar tun 1921, yau a Faransa kusan mata 8 cikin 10 da ita suke haihuwa, a Amurka wajen 7 cikin 10, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin abinda ya dace a baiwa mace mai lafiya in ta nema.

Abinda ya rikita ƙanwata shine an haɗa mata tambaya biyu a wuri ɗaya. Ta farko yadda za'a fara, ta biyu yadda za'a cigaba da zuba maganin bayan an fara. Kuma a ganina ta biyun ce tafi yanke hukuncin yadda darenki zai kasance, dan naƙudar fari tana iya cin awa 12 ko fiye, sakawa kuwa minti 15 ne ko 20.

Abubuwan da nake aunawa dasu: saurin kamawa, daɗewa, ko zata barki ki motsa ƙafa ki iya nishi, waye dole ya kasance a kusa ko wane inji, kuɗi, haɗari, sai kuma in abu ya juya aka ce sai siyes wane amfani zata yi.

Yadda ake farawa

Efidural zalla itace uwar tafiya. An saka roba, an zuba magani, cikin minti 15 zuwa 20 zakiji murɗawar tana raguwa, mara tana tamkewa kina sane amma zafin ya tafi. Daɗewa kam babu kamarta, muddin robar na nan ana ƙarawa ko kwana zaki yi. Daɗinta na biyu shine tun daga farko ake gane ko robar ta zauna daidai, in gefe ɗaya ne ya mutu ɗayan na ciwo za'a gyara ko a sake tun da wuri. In kuma aka ce sai tiyata, ta robar nan za'a zuba magani mai ƙarfi a shiga dake kina farke ba sai an saki barci ba, wannan ba ƙaramin abu bane dan barcin tiyata yafi haɗari ga mai ciki. Inda take da rauni shine jiran farko, minti 20 ga wadda bakin mahaifarta ya buɗe santimita 8 kamar shekara ne, sannan wani lokacin takan yi jinkirin kashe can ƙasa inda kan yaro ke dannawa.

Sai ta haɗin gwiwa, wacce likitoci ke rubutawa CSE. Anan ta cikin allurar efidural ɗin ake zura wata siririya a ɗiga ɗan maganin sifainal kaɗan, sannan a saka robar. Cikin minti 5 zaki samu sauƙi, wallahi na sha ganin mace tana kuka tana cizon zani, kafin a gama manne filasta ta soma magana da mutane. Maganin farkon na riƙewa awa 1 zuwa 2, daga nan roba ta karɓa. Kuɗinta ya ɗan ɗara na zalla dan kayan sun ƙaru. Abin lura uku ne: ƙaiƙayin jiki yafi yawa saboda fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake haɗawa a ciki, bugun zuciyar yaro kan ɗan sauka na ƴan mintuna bayan an saka shi yasa dole a sa ido sosai a rabin awar farko, sannan ba'a tabbatar da robar na aiki sai maganin farko ya sake ki.

Akwai wata sabuwa a tsakaninsu, ana huda jakar da siririyar allura amma ba'a zuba komai, ta ɗan ramin ne maganin robar ke tsiyaya ciki, takan ɗan fi zalla sauri da kashe ƙasa. Ba ko'ina ake yinta ba, in likitanki ya iya to, ba abin da zaki dage akai bane.

Sifainal guda ɗaya ba efidural bace amma dole in sakota dan a garuruwanmu sau da yawa ita ce a hannu. Allura ɗaya, magani kaɗan, babu roba babu inji, tana kamawa cikin minti 5, itace mafi araha nesa ba kusa ba, kuma ma'aikatan da suka ƙware akanta sunfi yawa tunda kullum ita suke yi a ɗakin tiyata, har nas-nas masu horon allurar barci da ke riƙe da asibitocin jiha da dama. Matsalarta ɗaya ce amma babba, awa 1 da rabi zuwa 2 ta sake ki. In aka yi miki ita kina santimita 4 a haihuwar fari to ciwon zai dawo a daidai lokacin da yafi tsanani, dawowar ciwo bayan an ɗanɗana sauƙi kuwa yafi karya zuciya. In an koma siyes sai an sake wata allurar.

Yadda ake cigaba

Anan nake so ki nutsu.

Hanya ta farko ƙarawa da sirinji. Duk sanda ciwo ya soma dawowa, kamar bayan awa 1 ko 2, ki faɗa, likita ko ungozomar da aka horar tazo ta tura magani ta robar da hannu. Babu inji, babu ruwanta da wuta ko batir, tafi araha a cikin masu roba. Kuma maganin da aka tura da ɗan ƙarfi lokaci ɗaya yana bazuwa sosai a filin nan sama da ƙasa, dan haka in ana zuwa akan lokaci aikinta yana kyau ƙwarai. Amma kalmar itace akan lokaci. Na taɓa kwana da wata baiwar Allah, likita ɗaya ne a bakin aiki, aka shiga dashi tiyatar gaggawa, maganinta ya sake ta ƙarfe 2 na dare bai fito ba sai wajen 4, ta biya kuɗi amma awa biyun nan kamar ba'a yi mata komai ba. Ba sakacinsa bane, mutum ɗaya baya rabuwa biyu. Duk ƙarin da akayi kuma sai an auna bifi ɗinki, wato awon hawan jini, duk minti 5 har sau uku, an saurari yaro, wato tana cin lokacin ma'aikata.

Ta biyu ɗigo ba tsayawa. Inji ne ke tura magani a hankali, kamar mil 8 zuwa 12 a awa, dare da rana. Sauƙinta a fili yake, baki jiran kowa, ciwon baya hawa da sauka sosai, kuma irin injin nan na tura sirinji asibitoci da yawa suna dashi. Sai dai maganin da ke ɗiga a hankali baya bazuwa, taruwa yake kusa da bakin robar, shi yasa bayan awanni sai kiji ƙafafu sunyi nauyi kamar ba naki ba alhali can ƙasa ko gefe ɗaya na ciwo, a ƙarshe sai an kira likita ya ƙara da hannu. Tafi cin magani, kuma nauyin ƙafar nan na iya rage ƙarfin nishi.

Ta uku madanni a hannunki, PCEA, wacce aka fara bayyanawa a 1988. Inji ne shima amma ke zaki danna in kinji ciwo na tasowa, ya tura kamar mil 5, sannan ya kulle na minti 10 zuwa 20, ko sau ɗari kika danna a tsakanin bazai ƙara ba, dan haka cire tsoron wai zaki yiwa kanki yawa. Mata sunfi gamsuwa da ita dan ragamar na hannunsu, maganin da ake sha yafi kaɗan, ƙafa tafi sakewa. Sharaɗinta ke kaɗai zaki danna, ba miji ba, ba Mama ko Gwaggo da ke jinya ba, ko da tausayi ne ya kamasu. Kuma ki danna tun ciwon na tasowa dan sai yayi minti 10 kafin ya kama. In barci ya ɗaukeki kina iya farkawa da ciwo, shi yasa ake yawan haɗa ta da ɗan ɗigo ko da hanya ta huɗu.

Ta huɗu inji mai agogo, PIEB. Shi kwaikwayon hannun likita yake, duk minti 45 ko awa 1 ya tura mil 5 zuwa 10 lokaci ɗaya da ƙarfi, ba mantuwa ba shiga tiyata, kuma yawanci da madanni a gefe in kina son ƙari. Bincike da dama da aka gwada ta da ɗigo ya nuna ciwo baya yawan ɓullowa a tsakiya, maganin da ake ci ya ragu, mata sunfi jin daɗi, adadin masu komawa siyes kuma bai canza ba. In da zaɓi ne zalla ita zan zaɓarwa kowa. Amma injinta na musamman ne, da tsada, robobinsa ma nasa ne daban, sai manyan asibitoci, a Turai da Amurka ne ta zama ruwan dare.

| Hanya | Yadda take riƙe ciwo | Abinda take buƙata | Kuɗi | Inda matsalarta take |
|---|---|---|---|---|
| Efidural zalla | minti 15 zuwa 20, har a haihu | likita, kayan roba | matsakaici | jiran farko |
| Haɗin gwiwa | minti 5, har a haihu | likita, kayan haɗi | sama kaɗan | ƙaiƙayi, sa ido kan yaro |
| Sifainal guda | minti 5, awa 2 ta ƙare | allura ɗaya | mafi araha | ba'a ƙarawa |
| Ƙari da sirinji | hawa da sauka | mutum a kusa kullum | ƙasa | jinkirin zuwa |
| Ɗigo | ba yankewa | inji na gama-gari | matsakaici | nauyin ƙafa |
| Madanni | yadda kike so | inji mai madanni | sama | sai kina farke |
| Inji mai agogo | mafi daidaito | inji na musamman | mafi tsada | wuyar samu |

Maganar kuɗi abu huɗu ne ke haɗuwa, kwalin kayan da ake amfani dashi sau ɗaya a yar wanda daga waje ake shigo dashi dan haka yana bin dala, maganin kansa, injin da robobinsa, sai lokacin likita wanda a asibitin kuɗi shine kaso babba. Kar ki tsaya a nawa ne, ki tambaya kuɗin ya haɗa da ƙarin dare? In robar ta goce aka sake sakawa sabon biya ne? In an koma siyes za'a cire daga kuɗin tiyata? In kina da inshora ta ofis ko ta NHIA ki nemi amsa a rubuce tun kina awo. Wadda ke zaune a Ingila tana ƙarƙashin NHS, tsarin asibitocin gwamnatinsu, ita babu ruwanta da wannan lissafin.

Akwai tambaya guda da tafi sunan hanyar muhimmanci wajen nishi, wato ƙarfin maganin. A da ana zuba bufibaken, wato maganin da ke kashe jijiyoyin, mai kauri, kashi 0.25 cikin ɗari, mace ta zama kamar an ɗaure mata ƙafa, shi ya jawo sunan da allurar tayi na cewa sai an jawo yaro da na'ura. Wani babban bincike da akayi a Ingila aka fitar a 2001 ya nuna in an sirka maganin, kamar kashi 0.1 haɗe da ɗan fentanil, masu haihuwa da kansu sunfi yawa. Dan haka ki tambaya sirkakke kuke sawa? Da sirkakken zaki juya, ki ɗaga ƙafa, kiji dannawar kan yaro ki yi nishi. Naƙudar takan ɗan ƙara tsawo musamman matakin nishi, amma bata ƙara yawan siyes, kuma ba dole sai kin kai wani santimita ba kafin a saka.

Haɗarin da duk suka yi tarayya akai, bifi na iya sauka shi yasa ake sa ƙarin ruwa a hannu kafin a fara, zazzaɓi kan zo wa wasu, fitsari kan ƙi fita sai an sa roba, rawar sanyi da ƙaiƙayi. Kusan mace 1 cikin 8 zuwa 10 bata kamata yadda ake so sai an gyara ko an sake. Kusan 1 cikin 100 babbar allurar kan huda jakar bisa kuskure, sau da yawa sai ciwon kai mai tsanani ya biyo baya bayan kwana 1 zuwa 3, alamarsa in kin tashi zaune ya sara in kin kwanta ya lafa. Dan Allah in kinji haka kar a tsaya ana cewa jego ne ko iska, ki koma asibitin, akwai maganinsa, har ɗibar jininki ake a zuba a wajen ya toshe ramin. Lalacewar jijiya mai ɗorewa tana faruwa amma da wuya ƙwarai, ɗaya cikin dubbai masu yawa. In kin koma gida kika ji ƙafa na ƙara mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace, ko zazzaɓi da ciwon baya mai tsanani, wannan na gaggawa ne a daren.

Maganar Mama kuwa, na fahimceta, dan mata da yawa suna ciwon baya bayan haihuwa. Wajen allurar zai yi tsami na ƴan kwanaki, gaskiya ne. Amma da aka bi matan da akayi musu da waɗanda ba'a yi musu ba watanni bayan haihuwa, ciwon bayan daidai yake a duka, cikin ne da kansa da ɗaukar yaro da sunkuyon shayarwa ke kawo shi. Abinda zan roƙi iyayenmu shine ruwan zafi, a ranar farko kar a kusanto da ruwan wankan jego ko a gasa mata jiki sai ƙafafu da mazaunai sun dawo da ji gaba ɗaya, fatar da ta mutu tana ƙonewa mai ita bata sani ba. Kuma nasan yadda aka rene mu, haihuwar fari ace kar aji muryarki, dauriya abin yabo ce ban musa ba, amma wadda ta nemi sauƙi bata gaza ba, wadda tace bata so itama ba'a matsa mata.

Ba kowa ake yiwa ba. Mai zubar jini sosai, mai ƙurji ko ciwo a wajen da za'a soka, wadda ƙwayoyin daskarar da jininta suka sauka ƙasa da wajen 70,000, sai wadda ke allurar tsinka jini irin Clexane, ita sai an jira awa 12 in ƙaramin adadin maganin aka yi mata, awa 24 in babban adadi ne. In an taɓa yi miki aiki a ƙashin baya ko yana da lanƙwasa ki ga likitan allurar barci tun kafin watanki ya tsaya.

To wacce ga wa? In haihuwar fari ce, ko za'a tayar miki da naƙuda da ruwan naƙuda, tafiyar mai nisa ce, ki nemi mai roba, inji mai agogo haɗe da madanni in akwai, in babu shi to madanni kaɗai, in shima babu to ɗigo da sirkakken magani. In kin iso a makare ciwo ya kai maƙura amma da sauran tafiya, haɗin gwiwa. In haihuwa ta uku ce ko ta huɗu, kin saba saurin sauka, kina santimita 7 ko 8, sifainal guda na iya isarki kuma kuɗinki ya huta. In kina da hawan jinin ciki, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko tagwaye ne, ko an taɓa yi miki siyes kina son gwada haihuwa da kanki, efidural zalla da aka saka da wuri aka tabbatar tana aiki tafi, dan a hankali take kamawa bata girgiza bifi kuma in an juya tiyata hanya a buɗe take, amma a duba jininki tukuna, irin wannan kuma haihuwar babban asibiti ce kamar na koyarwa. In asibitin da hannu suke ƙarawa, tambayi likitocin allurar barci nawa ke kwana da kuma ko ungozoma na da izinin ƙarawa, in amsar mutum ɗaya ne kuma shi ke riƙe da ɗakin tiyata to ki nemi ɗigo. In kuma babu mai sa ido akan bifi ɗinki da bugun yaro akai-akai, kar a saka ko wacce, a baki allurar rage zafi ta cinya irin fentazosin ko fetidin, bata kai efidural ba amma tafi dacewa da wajen.

Ita ƙanwar tawa ta koma awo da tambayoyinta a takarda, ashe injin madanni biyu garesu kuma likita na kwana a cikin asibitin, sai ta rubuta efidural zalla da madanni a katinta, tace in ta iso a makare a juya zuwa haɗin gwiwa. Mama ce zata rakata, na riga na zaunar da ita akan maganar madannin da ruwan zafi. Allah Ya sauketa lafiya, Ya sauki duk masu ciki lafiya.